Yadda zanen manyan motoci a Kano ke haɗa addini da barkwanci

A ƙasashen mabiya ɗarikar Katolika, wasu masu zane kan nuna waliyyai suna girki ko wanki domin raha. A Kano kuwa, makamancin haka yana jikin manyan motocin da ke lodi a Sharaɗa, Challawa da Bompai. Mai fenti kan zana masallaci, ya kawo zaki kusa da shi, sannan ya rubuta habaici ga mahassada da 'yan sa ido.

Sai dai akwai iyaka: ba a zana annabawa, ba a kuma wasa da ayoyi. Haramta amfani da mutum-mutumin tallan tufafi da Hisbah ta yi a 2021 ya nuna yadda batun sura ke da tsauri a jihar.