Rakiyar Manyan Shugabanni a Lokacin Sauyin Muƙami

A Hausar yau, kalmar "koci" ba ta wuce filin ƙwallon ƙafa ba. A Amurka da Ingila kuwa ta daɗe da shiga ofisoshin manyan kamfanoni, inda ake ɗaukar ƙwararre ya riƙa keɓewa da shugaba lokaci-lokaci tsawon watanni. Tushen sana'ar ma daga wasa yake. A 1974 Timothy Gallwey, mai koyar da wasan tanis, ya wallafa The Inner Game of Tennis, inda ya nuna cewa shakkun da ke zuciyar ɗan wasa ya fi abokin karawarsa cutar da shi. John Whitmore na Ingila ya kai wannan tunani fagen shugabanci, kuma littafinsa na 1992 ya yaɗa tsarin GROW mai tambayoyi huɗu: me ake nema, wane hali ake ciki, waɗanne hanyoyi ne a buɗe, sannan me za a aikata.

Abin lura shi ne koci ba ya ba da amsa, tambaya yake yi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san fada: duk lokacin da mutum ya ƙara hawa, masu gaya masa gaskiya raguwa suke yi. Eric Schmidt, wanda ya karɓi jagorancin Google a 2001, da farko bai ga buƙatar koci ba, amma daga baya ya shafe shekaru yana zama da Bill Campbell.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne sauka daga kujera. William Bridges, a littafinsa na 1980, ya bambanta sauyin zahiri da na zuci. Na farko yana faruwa rana guda, da takarda da bikin bankwana. Na biyu yana farawa da rabuwa, ya ratsa wani zango na ruɗani da mutum ya bar abin da yake a da bai kuma zama wani abu sabo ba, kafin a kai ga sabon mafari. Shugaban jami'ar tarayya a Nijeriya, wanda wa'adinsa shekara 5 ne ba ƙari, yakan koma sashensa ya tarar da ofis ƙarami da waya da ta daina ƙara. Fansho ba ya maganin wannan.

Saura suna. "Horarwa" na ɗora koci sama da shugaba, kamar malami da ɗalibi. "Nasiha" na nufin amsar tana hannun mai yin ta. "Rakiya" ta fi kusa, domin mai rakiya ba shi ke zaɓen inda za a je ba, kuma yakan juya idan an kai wani wuri. Sai dai tana da nata cikas: a bakin 'yan siyasa da masu sharhin wasanni, "ɗan rakiya" shi ne wanda ya shiga takara ba tare da wani tasiri ba.