Daga kogi zuwa tudu: me ya sa kowace halitta take da wurinta a ƙasar Tunuga?

Ya mai karatu, idan ka tashi daga bakin kogin Kwara a Dole ko Gatawani, ka nufi arewa da ƙafa, za ka ga ƙasa tana sauya kama kafin rana ta take. Da farko ruwa da ciyawar burgu. Sai fadamar shinkafa. Sai dajin giginya da gonakin rake da rogo. Sai jigawar hatsi. Daga ƙarshe sai tudu mai marmara, inda sabara da geza suke. Duk a ƙaramar hukuma ɗaya, ta Tunuga, cikin gundumar Gaya, jihar Doso.

Kowane ɗaya daga cikin wuraren nan yana da itatuwansa da ciyayinsa da dabbobinsa da ƙwarinsa, suna zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Irin wannan wuri shi ake kira mazaunin halittu. Abubuwa huɗu ne suke tsara shi: ruwan sama, kogi, ƙasa, da zafin rana. Na biyar shi ne hannun ɗan Adam. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ruwan sama

Iska biyu ne suke karɓa-karɓa a samaniyarmu. Ta farko tana fitowa daga hamada, arewa maso gabas, busasshiya mai ƙura: ita ce iskar hunturu. Ta biyu tana fitowa daga teku, kudu maso yamma, ɗauke da laima: ita ce mai kawo damina. Da yake ƙasar Gaya ita ce ƙarshen Nijar ta kudu, a nan iskar teku take fara sauka, daga nan kuma take yin bankwana. Shi ya sa damina takan fara a watan Mayu, ta kai farkon Oktoba.

A shekara madaidaiciya, Gaya takan samu ruwa kimanin milimita 800. Yamai ba ta cika kai 600 ba, Agadas kuwa ko 200 ba ta samu. Wannan bambanci ne ya sa kake ganin ɗorawa da kaɗanya da kirya da taura a ƙasarku, alhali a arewa sai ƙaya da aduwa. Itacen da ke son ruwa ba ya zama inda rani ya yi masa tsawo.

Tsuntsaye ma da iskar nan suke tafiya. Shamuwa tana zuwa da gabatowar damina, lokacin da fara da kwaɗi suke yawaita. Da sanyi kuma wasu tsuntsayen ruwa sukan taso tun daga Turai, su sauka a tafkunanku.

Kogi

Kwara tana fitowa daga duwatsun ƙasar Gini, tsawonta kimanin kilomita 4200. A nan wajenku tana cika sau biyu a shekara, kuma ka san su duka.

Cikar farko, ta jan ruwa, tana zuwa a Agusta da Satumba. Ruwan daminar kusa ne, wanda ƙoramu da koguna irin su Mekuru da Alibori da Sota na ƙasar Benin suke zubowa. Laka ce take ba shi launin ja.

Cika ta biyu, ta baƙin ruwa, tana isowa da sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ruwan da ya sauka a Gini ne tun da damina. Ya ratsa babbar fadamar Masina a ƙasar Mali, ya bazu, ya daɗe, ya ajiye lakarsa, sannan ya iso gare ku bayan watanni.

Wannan hawa da sauka shi ne ran fadama. In ruwa ya hau, kifi yana bin sa cikin ciyawa, ya yi ƙwai, ƙananan su ɓuya su girma. Karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa duk da haka suke yaɗuwa. In ruwa ya ja, ya bar laka mai taki ga mai shinkafa, ya bar burgu ga makiyayi a lokacin da tudu ya bushe ƙurmus. Kashin shanu kuma ya koma taki ga ciyawa da abinci ga kifi. Ka ga masunci da manomi da makiyayi, ruwa ɗaya suke ci, kowa da lokacinsa. Dorina da ayu su ma cikin wannan tsari suke rayuwa.

Ƙasa

Ruwan sama iri ɗaya ne yake sauka a kan tudu da kwari, amma ƙasa ce take hukunta abin da zai tsira.

A kan tudu ƙasa ba ta da zurfi, marmara tana kusa. Ruwa ba ya shiga, gangarawa yake yi. Sai itatuwa masu jimirin ƙishi. A jigawa rairayi yana shan ruwa da sauri, ya sake shi da sauri: wurin hatsi da wake da gujiya ke nan. A fadama laka tana riƙe ruwa: wurin shinkafa.

Sai kuma Dallol Mawuri. Tsohon kogi ne wanda ya daina gudu tun dubban shekaru, ya taso daga arewa, ya haɗu da kwarin Foga, ya faɗa Kwara a ƙasarku. Ko da ba ka ganin ruwa a samansa, yana nan kwance ƙarƙashin rairayi, ba nisa. Wannan ruwa na ɓoye shi ne asirin giginya. Saiwarta tana iske laima ko da tsakiyar rani. Shi ya sa dajin giginya mafi girma a Nijar yake a ƙasar Gaya. Hausawa sun ce inuwar giginya na nesa ka sha, amma manomin nan ya san wani alherin: da yake kanta yana can sama, ba ta hana shuka samun rana, ana noma a gindinta. Ga muruci, ga ƴaƴa, ga azara wadda gara ba ta ci da sauƙi.

Zafin rana

A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40. Rana tana tsotse tafkuna, tana kuma jawo ruwan ƙasa zuwa sama. Inda ruwan yake da gishiri, kamar a kwarin Foga, sai ya bushe ya bar fari a doron ƙasa. Shi ne ake kankarewa, a tace, a dafa, a samu gishirin Foga wanda ya shahara a kasuwanni tun zamanin kakanni. Amma ka lura da abu biyu. Ƙasa mai gishiri ba kowace shuka take ɗauka ba. Dafa gishiri kuma yana cin itace mai yawa, itacen nan daga daji yake fitowa.

Idan yanayi ya sauya

Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. A watan Yuni na 1985 kogin Kwara ya daina gudu a Yamai. A shekarun nan itatuwa da yawa sun mutu, burgu ya ragu, kifi ya yi ƙaranci, jama'a da dabbobi suka kwararo kudu neman ruwa da ciyawa.

Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma da wani hali. Yakan yi jinkiri, ko ya ɗauke tsakiyar damina, sannan ya zubo da ƙarfi a dare ɗaya. Zafi ma yana ƙaruwa a duniya baki ɗaya, saboda hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da ake ƙonawa. A 2012 da 2020 ambaliya ta cinye gidaje da gonaki a kwarin kogi.

Kada ka ɗora wa sama laifin duka. In an sare itatuwan tudu, ƙasa ta koma fako. Ruwan da da zai nutse ya cika rijiyoyi sai ya ruga, ya haƙa kwazazzabai, ya kwashi rairayi ya zuba a fadama da kogi. Gurbin kogi ya cike: da damina ya yi ambaliya, da rani ya ƙafe da wuri. Gatarin da aka ɗaga a tudu, masunci ne yake jin saransa a cikin komarsa.

Akwai kuma baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure, wadda asalinta Amurka ta Kudu ne. Tana rufe fuskar ruwa, ta hana jirgi wucewa, ta shaƙe kifi, ta ƙwace wurin burgu.

Saboda darajar wuraren nan, an sa fadamar kogi ta wannan yanki cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2001, Dallol Mawuri kuma a 2004. Ƙasashe tara masu cin moriyar Kwara suna da hukuma ta haɗin gwiwa tun 1980, mazauninta a Yamai, domin kogi bai san iyaka ba: abin da aka yi masa a Malanbil ko Gaya, mutanen Kabi a Nijeriya za su gan shi.

Abin da ke hannunka

Ba kai kake aiko da hadari ba, amma ga abin da kake iyawa:

1. Ka ba kowace ƙasa abin da take ɗauka. Kada ka nome tudun marmara, kada ka gina gida a hanyar ruwa.

2. In kana sassabe, ka bar tohon itatuwa a gonarka, ka gyara su. Da wannan dabara manoman Maradi da Damagaram suka mayar da itatuwa gonakinsu tun daga shekarun 1980.

3. In kun bizne ƴaƴan giginya don muruci, ku bar wasu su zama itace. Giginya tana daɗewa kafin ta haihu, kuma akwai mace da namiji. In an sare maza duka don azara, mata ba za su yi ƴaƴa ba. Dokar daji ta 2004 tana nan: ka nemi izinin ma'aikatan gandun daji kafin sara.

4. Ku jera duwatsu a gangare, ku haƙa rabin-wata a fako, don ruwa ya tsaya ya nutse.

5. Ka bar ciyawa da itatuwan gaɓar kogi, su ne suke riƙe ta. Ka kuma bar wa makiyayi burtali zuwa mashaya.

6. Masunci, ka guji koma mai ƙananan idanu da zuba magani a ruwa. Ƙaramin kifin bana shi ne babban kifin baɗi.

7. Ku yi gayya ku tsame kainuwa, ku tara ta ta ruɓe, ta zama takin garka.

8. Mai dafa gishiri da uwargida, murhun zamani yana rage cin itace.

A zauren karatu, ku tambayi dattawan garinku: wane itace ne da wane kifi suka sani da ƙuruciya wanda yau ya yi wuyar gani? Ku rubuta sunayensu a littafinku. Sannan ku zauna da mai gari, da manoma da masunta da makiyaya, ku zaɓi wuri ɗaya da za ku fara gyarawa kafin saukar damina.