Taron maƙeran jiragen ruwa a Hambug: maganar mai da za ta iso har kasuwar Maraɗi

Duk bayan shekara biyu, a watan Satumba, birnin Hambug na ƙasar Jamus kan cika da injiniyoyi, masu zana fasalin jiragen ruwa da masu kamfanonin dakon kaya. Abin da ke tara su shi ne baje kolin SMM, wanda aka soma tun 1963. A na 2024, kamfanoni sama da 2,000 ne suka baje injuna, farfela, fenti da na'urorin tuƙi.

Tambaya guda ce ta fi cin zaman: da wane mai jirgin gobe zai yi tafiya?

Dalilin damuwar a fili yake. Jirgin da aka ƙera yau yakan yi shekara 25 zuwa 30 yana aiki, alhali a 2023 Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya, IMO, ta amince cewa zuwa wajajen 2050 jirage su daina ƙara wa duniya hayaƙi mai ɗumama yanayi. Sufurin teku ne ke fitar da kusan kashi 3 cikin 100 na wannan hayaƙi. Ke nan duk wanda ya yi odar jirgi yanzu ya zaɓi injin da bai dace ba, ya sayi asara da kuɗinsa.

Kowace mafita da nata cikas. Kamfanin Maersk ya ƙaddamar da Laura Maersk a Satumban 2023, jirgin kwantena na farko mai aiki da metanol, amma metanol na bukatar tankin da ya ninka na baƙin mai fiye da sau biyu, wato yana cinye wurin kaya. Amoniya ba ta da sinadarin kabon, sai dai guba ce, ko ɗan yoyo na iya halaka ma'aikata. Wasu kuma sun koma ga iska: a shekarar ce jirgin Pyxis Ocean ya fara tafiya da fukafukai biyu masu tsayin mita 37 da rabi, don rage shan mai.

Nijar ba ta da teku, amma maganar ba ta tsallake ta ba. Sama da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta ruwa suke bi. Shinkafar Asiya, babura, taya da kayan gyaran mota da ake sayarwa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, yawancinsu sai da suka kwana a cikin jirgi kafin manyan motoci su kwaso su. Ɗanyen man Agadem ma, bayan ya bi bututun kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a Benin, jirgin ruwa ne ke ɗaukarsa.

Tsadar kuwa ta riga ta fara. Tun Janairun 2024 Tarayyar Turai ke karɓar kuɗin hayaƙi daga manyan jiragen da ke shiga tashoshinta ko fita, su kuma kamfanonin dako suka ɗora shi a kan kuɗin kaya. Ɗan ci-ranin da ya aika mota ko kwantena daga Hambug ko Ambers zuwa Lome, shi ke biya. Daga nan nauyin ya gangara kan mai saye a gida, wanda tuni doguwar hanyar Burkina Faso ta ƙara masa tsada tun da aka rufe iyakar Benin a 2023.

Sin, Koriya ta Kudu da Japan ne ke ƙera sama da kashi 90 cikin 100 na jiragen dakon duniya, kuma sababbin injunan na bukatar ma'aikatan da suka iya su. Ga matashin da ke da ƙwazo a lissafi da kanikanci, akwai makarantun koyon aikin teku a Abijan da Akara, kuma injin jirgi ba ya tambayar ko ƙasar mai gyaransa tana da gaɓa.