Ɓeran Masar da Bitamin C

Ɓeran Masar ba daga Masar ya fito ba, asalinsa tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka. Kamar mu 'yan Adam, jikinsa ba ya haɗa bitamin C da kansa, saɓanin zomo ko akuya. Tun 1907 masu bincike a Norwe suka ciyar da shi hatsi zalla, sai cutar ƙarancin wannan bitamin ta bayyana a jikinsa.

To in kana kiwonsa, abincin zomo ba zai ishe shi ba. Ka riƙa ba shi ɗanyen tattasai da ganye kullum, tare da busasshiyar ciyawa. Zuba bitamin ɗin a ruwan sha kuwa ba dabara ba ce, saurin lalacewa yake yi. In ka ga yana ɗingishi ko dasashinsa na jini, garzaya wurin likitan dabbobi.