Auna Ingancin Bayanin Kayan Aikin Haɗe Gyare-gyaren Manhaja ga Wakilan Ƙirƙirarriyar Basira

1. Gabatarwa

Wannan ɗan rubutu ya shafi wata matsala ta harshe da ma'ana, ko da yake a fagen na'ura mai ƙwaƙwalwa ta taso. A yau akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake ɗora wa aikin gyaran wasu manhajoji, su rubuta gyaran, su kuma shigar da shi da kansu. Su ne za mu kira "wakilai". Wakili ba ya ganin cikin kayan aikin da aka ba shi. Dogaronsa duka yana kan ɗan bayanin da aka rubuta game da kayan. Tambayarmu ita ce: da wane ma'auni za a gane ko bayanin ya wadatar?

2. Ma'anar haɗewa

Cikin shekara ta 2005 Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git domin adana tarihin gyare-gyaren manhaja. A wannan tsari kowane ma'aikaci yana aiki a nasa "reshe", in ya gama sai a mayar da aikin cikin babban reshe. Wannan shi ne haɗewa, abin da ake kira "fusion" da Faransanci. A dandalin GitHub, wanda aka buɗe a 2008, mai gyara yakan gabatar da buƙatar haɗewa, abokan aiki su duba, sannan a amince. Hanyoyin haɗewar uku ne: a bar tarihin reshen yadda yake, ko a dunƙule gyare-gyaren su zama ɗaya, ko a sake jera su bisa kan babban reshe.

3. Abin da wakili yake karantawa

A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP, wadda ta tsara yadda wakili zai yi amfani da kayan aiki. Kowane kayan aiki yana da suna, da bayani cikin harshen mutane, da jerin abubuwan da yake buƙata a ba shi. A 2025 aka ƙara wasu alamomi da suke nuna ko kayan karatu kawai yake yi, ko yana iya share wani abu. Ƙa'idar da kanta ta ɗauki alamomin a matsayin nuni kawai, saboda haka nauyi ya rage a kan bayanin.

4. Ma'aunai huɗu

Na farko, manufa. Bayanin ya faɗi abin da kayan yake yi, ya kuma bambanta shi da makamantansa, kamar na amincewa da buƙata ko na rufe ta.

Na biyu, sharuɗɗa. Shin an ambaci abin da ya wajaba kafin haɗewa, wato gwaje-gwaje sun yi nasara, an samu amincewar masu dubawa, kuma babu karo tsakanin rassan biyu?

Na uku, sakamako. Ana iya warware haɗewa da wani sabon gyara, amma tarihinta ba ya gushewa. Bugu da ƙari, a wurare da dama shiga babban reshe yana nufin manhajar ta kama hanyar isa ga jama'a nan take.

Na huɗu, fassarar ƙi. GitHub yana amsawa da lamba 405 idan haɗewa ba za ta yiwu ba. Yana amsawa da 409 idan an ba shi lambar shaidar gyaran ƙarshe da aka duba, ya tarar an ƙara wani bayanta. Wannan kariya ba ta aiki sai an bayar da lambar shaidar. Idan kayan bai tanadi wurinta ba, ko bayanin ya yi shiru a kanta, wakili yana iya haɗe abin da babu wanda ya duba.

5. Gwaji

Karatu kaɗai bai isa ba, domin mai aunawa yakan cike giɓin bayani da saninsa ba tare da ya lura ba. Ya kamata a shirya buƙatu iri-iri: lafiyayya, da mai karo, da wadda gwajinta ya faɗi, da wadda aka taɓa bayan dubawa. A ba wakili ɗaya waɗannan buƙatu, ana sauya bayanin kaɗai, ana maimaitawa sau da yawa tun da amsarsa ba ta zama iri ɗaya kullum. Sai a ƙidaya sau nawa ya haɗe inda ya dace, sau nawa kuma ya dakata ya nemi mutum.

6. Kammalawa

Ɗan Adam in ya yi shakka yakan tambayi na kusa da shi. Wakili kuwa yakan cika umarni da abin da ya samu a rubuce. Don haka muna ganin ƙidaya ta biyu, wato ta dakatawa, ita ce ta fi nuna ingancin bayani. Tsaron gaske yana ga kariyar da aka sa wa babban reshe, amma bayani mai kyau shi ne yake sanar da wakili dalilin kariyar, har ya bar neman hanyar kewaye ta.