Injin Wanke Kafet a Ƙasar Ƙura: A Duba Tsotsa Kafin Feshi

A Dawaki ta ƙasar Rano, da ƙauyukan Kibiya da ke maƙwabtaka da ita, kafet ya daɗe da zama ɗan gida. Jeren amarya ba ya cika sai da shi, masallatan Juma'a sun shimfiɗa shi sahu-sahu, mai mota ma yana da nasa a ƙarƙashin ƙafa. Mafi yawansa ta Kantin Kwari yake biyowa, kuma da dama daga ciki saƙar masana'antun Turkiyya ne, musamman na birnin Gaziantep. Yanzu kuma ga wani baƙo ya fara leƙowa ta wayoyin mutane: ƙaramin inji mai mesa da tankuna biyu, wanda ake nunawa yana fesa ruwa a kan tabo, ya zuƙe, sai ga wurin ya koma fes. Mai kallo yakan ji kamar ya samu maganin wahalar wanki. Amma waɗannan injinan an ƙera su ne don gidajen Amurka da Turai, inda tagogi suke rufe, wuta ba ta ɗaukewa, kuma babbar damuwar mai gida ita ce kofi ya zube ko kare ya ɓata shimfiɗa. Dattin kudancin Kano daban ne. Saboda haka duk wanda zai kashe kuɗinsa a kan irin wannan inji a nan, ya kamata ya auna shi da abin da yake iya fitarwa daga cikin kafet, da wutar da zai samu ya kunna shi. Kyan feshi da yawan maɓallai su zo daga baya.

Sai an san dattin kafin a san maganinsa. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura mai laushi daga Sahara, kaso mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shiga ɗaki ko da an rufe ƙofa. A kan wannan ga jar ƙasar hanya da takalmi ke shigowa da ita, ga ƙaiƙayin kaka lokacin da ake sussukar dawa da casar shinkafa. Duk wannan busasshen datti ne, kuma nauyinsa yakan kai shi can gindin zare inda ido ba ya gani. Ƙwayar yashi tana da kaifi. Duk takun da aka yi a kanta tana gurzar zaren, shi ya sa hanyar da aka fi bi a ɗaki take fara dushewa. To idan aka zo aka fesa ruwa a kan kafet ɗin da ke cike da wannan ƙura, abin da aka yi shi ne kwaɓa laka a cikinsa, kamar mai shirin yaɓen ɗaki. Ƙaramin inji zai zuƙe na sama, na ƙasa ya kwanta. Idan wurin ya fara bushewa, danshin da ke hawowa ta jikin zare sai ya ɗauko lakar ya dawo da ita sama, tabon da aka ga ya tafi da safe ya sake bayyana da la'asar. Mutane sukan ce injin jabu ne, alhali tsarin aikin ne aka juya. Sharar busasshiyar ƙura ita ce ta farko, da tsintsiya mai tauri, ko bugu, ko injin zuƙar ƙura. Kuma kada a ce injin ruwan zai yi aikin biyu, domin yawancin ƙananan ba su da matacin da zai tare busasshiyar ƙura, sai ta wuce ta shiga motar da ke juya fankarsa.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa ƙarfin tsotsa ya fi komai. Injin yana da famfo ɗan ƙarami da ke tura ruwa, da mota mai juya fanka da ke jawo iska. Aikin famfon mai sauƙi ne, ko kwalbar feshi ta hannu za ta iya. Fankar ce ke yanke hukunci, domin duk ruwan da ta kasa jawowa a cikin kafet zai zauna, tare da sabulunsa da dattinsa. A watan Janairu wannan ba matsala ba ce sosai, iska a bushe take, kafin azahar shimfiɗa ta bushe. A Agusta kuwa, lokacin da damina ta kankama, kafet mai danshi a kan daɓen siminti yakan fara fumfuna cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ɗaki ya ɗauki wari, mai asma da ƙananan yara su fi kowa shan wahala. Adadin wat ɗin da aka rubuta da manyan haruffa a jikin kwali yana nuna wutar da injin yake ci ne, ba ya nuna ƙarfin jansa. Inji mai wat da yawa wanda mesarsa ke yoyon iska, ko robar murfin tankinsa ta saki, ba zai kai mai ƙaramin wat da komai nasa yake a matse ba.

Maganar wuta kuwa ita ce inda mutane da yawa suke asara tun ranar farko. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Kamfanin Bissell, wanda ya fara da abin sharar kafet a Michigan a 1876, yana ƙera ƙananan injinan da suka fi shahara a wannan fanni, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake samu a gwanjo na kasuwar Amurka ne. Wanda ya soka irin wannan kai tsaye a bango, motar za ta ƙone nan take. Sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya ɗara na injin, kuma kuɗinta yakan cinye rangwamen da aka samu. Wanda aka ƙera don Ingila ko Turai ko Dubai ya fi dacewa. A juya injin a karanta ɗan allon da ke ƙarƙashinsa kafin a fara ciniki. Sannan a tuna cewa gidan da ke Dawaki ba zai tsara wankinsa a kan wutar KEDCO kaɗai ba. Ƙaramin janareta na ɗaki ɗaya ƙarfinsa bai kai wat 1000 ba, kuma mota takan ja wuta fiye da ƙa'idarta a daidai lokacin tashi. Injin tabo mai cin wat 300 zuwa 400 zai tashi da shi lafiya, mai 1200 kuwa zai sa janareta ya yi tari ya mutu. Haka lissafin yake ga mai sola da inbata. Ramin wuta na cikin mota kuma, mai bolt 12, abin da yake iya bayarwa bai wuce wat 120 zuwa 180 ba, don haka injinan da ake jonawa a nan sun isa kwashe ɓawon gyaɗa daga kujera, amma ba su isa zuƙo ruwa daga soso ba. Masu batir suna da daɗin ɗauka, sai dai cajinsu na 'yan mintoci ne, kuma batirin da aka bari cikin mota a rufe a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba ya daɗewa.

Za a ce, kuma da gaskiya, me ya kai mutum wannan wahala alhali ga rana kyauta? A naɗe kafet, a rataya a katanga a bubbuge, a kai bakin rijiya ko rafi a wanke da buroshi, a shanya. Wannan hanya ta fi kowane ƙaramin inji tsaftace kafet ɗin da ake iya ɗagawa, domin ruwa yana ratsa shi ya fita ta ƙasa, rana kuma ta gama sauran aikin. Wanda shimfiɗarsa ke naɗuwa, kuma yana da ruwa kusa, bai buƙaci inji ba, ya riƙe kuɗinsa. Amma akwai abin da ba ya zuwa bakin rijiya: kafet ɗin da aka malala bango zuwa bango aka ɗora gado da durowa a kansa, kujerun falo, katifa, sahun masallaci, da kujerun mota. Direban da ke jigila tsakanin Rano da Kano ta hanyar Bunkure ya san abin da fura da manja da aman yaro suke yi wa kujera, kuma ya san idan aka kwarara mata bokiti a wurin wanki, soson zai kwana uku yana jiƙa wa fasinja riga. Nan ne gurbin injin, kuma gurbi ne na gaske: tankinsa lita ɗaya da rabi ne ko kusa da haka, ya isa tabo da kujera, a gidan da ake sayen ruwa jarka-jarka daga 'yan garuwa.

Akwai kuma abin da masu tallar waje ba su san da shi ba, wanda a gidan Bahaushe ya fi tabo muhimmanci, wato tsarki. Uwar da jaririnta ya yi fitsari a kafet ɗin da ake salla a kansa ba ƙamshi take nema ba. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, hukuncin najasa yana gushewa ne da ruwa zalla wanda wani abu bai canza launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ba. Ruwan da aka gauraya da sabulu ya fita daga wannan siffa. Ke nan injin da ya dace shi ne wanda tankinsa ke cirewa cikin sauƙi, a ɗauraye, a zuba ruwa zalla, a yi ta fesawa ana zuƙewa har abin da ke dawowa ya fito garau. Tanki mai haske da ake ganin cikinsa yana taimakawa ƙwarai. Cikakken hukuncin na malamai ne, amma a nan kimiyya ta bi sawun fiƙihu, domin sabulun da aka bari a zare yana da danƙo, ƙura yake kamawa, kafet ya fi saurin yin datti bayan wanki. Omo ma bai dace da injin ba, kumfarsa takan cika tankin datti ta haura cikin mota. Jini da nono da ƙwai da ruwan sanyi ake fara musu, ruwan zafi dafa su yake a jikin zare. Maiƙo kuwa, irin na miya da manja, shi ne ya fi manne wa kafet ɗin roba na zamani, yana son a danne shi da tsumma a ɗebe kafin a kawo ruwa.

Saura tambayar wa ya kamata ya saya. Gida ɗaya ba zai kunna wannan inji fiye da 'yan lokuta a wata ba, kuma idan mesa ta tsage ko famfo ya toshe da gishirin ruwan burtsatse, sai an tafi Sabon Gari neman kayan gyara, ba kuma lalle a samu ba. Ya fi ma'ana a hannun matashin da ke wankin mota a Rano ko Kibiya, ko kwamitin masallaci, ko matan unguwa da suka haɗa adashe suka saya suna ba da haya lokacin biki da gabatowar salla. Ko wane ne mai sayen, kada ya biya sai an kunna masa a shago. Ya zuba kofi ɗaya na ruwa a kan guntun kafet, ya zuƙe, ya juye abin da ya taru a tankin datti cikin kofin ya ga nawa ya dawo, sannan ya danna farin hankici a wurin ya duba danshin da ya rage. Ya tambayi mai shago ko yana da mesa da robar murfi na canji, ya ce a nuna masa su a hannu.