Jagoran malamai a makarantun koyon sana'a: matsayinsa wajen kyautata koyarwa

1. Gabatarwa

Doka mai lamba 98-12 ta 1 ga watan Yuni 1998, wadda ta tsara sha'anin ilimi a Nijar, ta ba koyon sana'a gurbinsa cikin tsarin ilimi na ƙasa. Daga baya makarantun wannan fanni sun yawaita. Ban da tsohuwar lise ta fasaha Ɗan Kasawa da ke Maraɗi, an buɗe cibiyoyin koyon sana'a (CFM) da kwalejojin fasaha (CET) a garuruwa da dama. Sai dai gina ɗaki da sayen inji sun fi samar da malami sauƙi. A cikin wannan takarda za mu duba aikin wanda muke kira jagoran malamai, wato malamin da bai bar koyarwa ba amma aka ɗora masa kula da aikin abokansa, kamar shugaban ayyuka (chef des travaux) ko mai jagorantar rukunin malaman fanni guda (unité pédagogique).

2. Malamai iri biyu

Malaman sana'a sukan fito ta ƙofa biyu. Na farko gwani ne da ya yi shekaru a gareji ko shagon walda. Hannunsa ya san aiki, amma bai saba da rarraba shi mataki-mataki ba, don haka yakan ce wa ɗalibi "duba yadda nake yi" ya tsaya nan. Na biyu ya fito daga babbar makaranta da takardar shaida; yana iya zana tsarin wutar lantarki a kan allo, amma bai daɗe riƙe da kayan aiki ba. Tsarin koyarwa bisa ƙwarewa (APC) yana buƙatar abu biyun a hannun mutum ɗaya, domin abin da ake aunawa shi ne aikin da ɗalibi ya iya yi. In ba haka ba, ɗalibi ya fita da CAP ko BEP, mai shago ya gwada shi kwana biyu ya mai da shi sahun sababbin yara.

3. Abin da jagora ke yi

Mai binciken makarantu yana zuwa jifa-jifa, kuma zuwansa na da alaƙa da maki da ƙarin girma, shi ya sa malami ke nuna masa darasin da ya fi iyawa. Jagora kuwa kullum yana cikin ɗakin aiki, yana ganin darasin yau da gobe. A nan ƙarfinsa yake.

Mu ɗauki misalin darasin walda. A ce ɗalibai ashirin ne, inji biyu. Sabon malami yakan yi aikin da kansa, ɗalibai na kallo, har lokaci ya ƙare ƙalilan ne suka taɓa inji. Jagoran da ya zauna ya kalli darasin zai iya zama da malamin su raba aikin: wasu na awo da yankan ƙarfe, wasu na goge bakinsa, wasu na walda, wasu na duba ɗinkin da aka yi, sannan a yi musanya. Zai kuma sa gwani ya faɗi da baki abin da hannunsa ya sani: dalilin da ake daidaita ƙarfin wuta da kaurin ƙarfe, da tazarar da ake bari tsakanin sandar walda da ƙarfe, da abin da ke sa ɗinki ya yi ramuka. Da zarar an faɗi waɗannan, sun zama abin koyarwa da abin aunawa.

Akwai wasu ayyuka uku da ke biye. Na ɗaya, haɗa malamin allo da malamin ɗakin aiki su shirya darasi tare, kada a koyar da lissafin wuta a wannan wata, a haɗa waya bayan wata uku. Na biyu, tsara takardar aunawa guda ga malaman fanni duka, wadda ta ƙunshi kiyaye lafiya, kamar sa garkuwar ido da katse wuta kafin taɓa waya. Na uku, zumunci da masu shaguna na gari, inda ɗalibai ke zuwa sanin makamar aiki. Daga bakinsu ake jin abin da makaranta ta bari a baya, misali gyaran babura da kafa faifan hasken rana.

4. Abubuwan da ke kawo cikas

Mun ga cikas uku. Jagora yakan nutse cikin ƙidayar kaya da neman kayan aiki har ya rasa lokacin shiga darasi. Sau da yawa ana naɗa shi don daɗewa a aiki, ba tare da an horar da shi kan yadda ake kallon darasi da ba babba shawara ba. Sannan idan hukumar makaranta ta mai da shi mai kai rahoto, malamai, musamman ƴan kwantaragi da matsayinsu bai da tabbas, za su ɓoye masa rauninsu.

5. Kammalawa

Saboda haka muna ba da shawara a rage wa jagora awoyin koyarwa ba tare da an cire shi daga aji ba, a ba shi horo na musamman, a kuma raba aikinsa da na mai bincike: abin da ya gani a darasi ya tsaya tsakaninsa da malamin. Ga ɗalibanmu masu neman batun bincike, muna ganin ya dace a bi jagora ɗaya a wata cibiya tsawon shekarar karatu, a rubuta yadda yake kashe awoyinsa, a ga nawa ne daga ciki ke tafiya ga koyarwa.